Baba yana son likitan tiyata, ni kuma hankalina yana gonar auduga

Wasiƙar wannan mako ta zo ne daga wani matashin likita da ke aiki a wani gari tsakanin Garwa da Gidar, a arewacin Kamaru. Na taƙaita ta, na kuma cire sunansa da na garin.

"Assalamu alaikum Baba. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni likita ne, shekarata 4 ina aiki a asibitin gwamnati na wani ƙaramin gari, kuma mu biyu ne kawai likitoci. A daminar bara aka kawo mana wani manomin auduga a kan babur, an sa shi a tsakiya an riƙe, miyau na dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar tsinin allura. Tun safe yake feshi, famfon yana yoyo a gadon bayansa, iska kuma tana maido masa da maganin a fuska. Muka kwana a kansa da allurar atirofin, Allah Ya tashe shi. Ba a yi mako 3 ba sai ga ƙanensa an kawo, famfon nan dai, ciwon nan dai. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na fara lura da masu tari daga wurin fasa dutse, da masu sayar da man zuwa-zuwa (fetur na bakin hanya) da ke tsotsar tiyo da baki, da yaran da ake aika ɗebo ruwa da goran maganin feshi. Ina so in koma karatu in ƙware a kan lafiyar ma'aikata da muhalli.

"Matsalar ita ce mahaifina. Shanunsa ya yi ta sayarwa har na gama shekara 7 na karatu, kuma burinsa in zama likitan tiyata ko in buɗe asibitin kaina a Garwa. Da na yi masa bayani sai ya ce, 'Wato za ka ajiye allura ka ɗauki biro?' Bai ƙara cewa uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa zafi. Matata tana da ciki na biyu. Ba ta hana ni ba, amma ina ganin tsoro a idonta. Abokin aikina ya ce in na tafi na bar masa gari guda shi kaɗai, kuma fannin ba ya kawo kuɗi. Wani lokaci sai in ji kamar in ajiye aikin in kama hanya, wani lokaci kuma in ce wannan son kai ne. Baba, ku ba ni shawara."

Wa alaikumus salam, ɗana Likita. Allah Ya yi maka albarka, Ya sauki mai ɗakinka lafiya.

Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma duk karatun a wurin ƙanen nan nake tsayawa. Ka kwana a kan yayan, ya tashi da ikon Allah, ka sallame shi, amma famfon da ya kwantar da shi yana nan rataye a zaure yana jiran na gaba. Abin da ya hana ka barci ke nan, don haka ka fara cire wa ranka maganar son kai. Mai son kai ba ya rasa barci saboda ƙanen wani.

Bari in ba ka labarin kawuna, Allah Ya jiƙansa. Sama da shekara 20 ya yi yana fasa dutse yana sayar wa magina tsakuwa. Da tari ya kama shi aka ce tibi ne, ya sha maganin wata 6. Numfashin bai dawo ba, aka sake ɗora shi a kan magani. Har yau ina ganin sa zaune a kan buzu da asuba, ya dafe gwiwoyi da hannu biyu, yana jan iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, kafin ya iya miƙewa ya tayar da kabbara. Duk inda muka kai shi an tambayi shekarunsa, an tambayi ko yana shan taba, amma ba wanda ya ce masa, "Malam, mece ce sana'arka?" Sai daga baya na fahimci cewa ƙurar dutse takan zauna a huhu ta mayar da shi tabo, cutar da kuke kira silikosis, wadda ba ta warkewa in ta kama, kuma takan buɗe wa tibi ƙofa. Da an yi tambayar da wuri, da ko ba komai an ce a riƙa jiƙa dutsen da ruwa, an kuma ja kunnen 'ya'yansa da suka gaji gudumarsa. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, tun a 1700 ya yi wa likitoci nasiha su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka gada, su tambayi mara lafiya aikin da yake yi. Sama da shekara 300 ke nan, har yau tambayar ba ta zauna a ɗakunan duba marasa lafiyarmu ba.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikinsu, mafi yawansu kuma cuta ce ke cin su a hankali, ba haɗarin rana ɗaya ba. Dubi yankinmu kawai. Ga manoman auduga daga Tuboro har Kayele, ga masu aikin gurzarta da rani cikin ƙura, ga siminti da farar ƙasa a Figil, ga majema a Marwa hannu cikin jiƙo tun safe, ga masu shinkafa a Yagwa da Maga da masuntan Lagdo da ke wuni cikin ruwan tsargiya, ga masu haƙar zinariya a Mayo-Rey da ke ƙona zaiba suna shaƙar hayaƙinta, ga leburan gini a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa. Duk mutanenka ne, kuma a gadon asibitinka suke ƙarewa. Fannin da kake so fanni ne na gaske, ana kuma bukatarsa a nan. Sai dai ban yarda ka ajiye aiki ka kama hanya ba, kuma ban yarda ka tafi mahaifinka yana cikin wannan shirun ba.

Mu dawo kan Baba, mahaifinka, don shi ne jigon maganar. Ka duba abin daga inda yake zaune. Mutum ya kaɗa shanunsa kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace saniya ya san uwarta da kakarta, don ya ga ranar da za a ce ɗan wane ne ya yi wa wance aiki ta tashi. Yanzu ka zo masa da sunan wani karatu da bai taɓa ji ba, abin da ya hango kuwa shi ne ɗansa a ofis cikin takardu, ba mai ce masa likita. Tsoro yake ji kada shanun su tafi a banza. Bai ce maka "ban yarda ba", tambaya ya yi, kuma tambayar tana da amsa. Kuskurenka, in ka ba ni dama in faɗa, shi ne ka yi masa bayani da harshen makaranta. Ka koma ka yi masa da harshen garke. Duk makiyayin da ya kai shekarunsa ya tuna bushiyar farkon shekarun 1980, yadda ta riƙa share garke a Najeriya da Kamaru da Cadi. Ka tambaye shi: me ya kawar da ita, jinyar saniya ɗaya ɗaya, ko malaman dabbobi da suka bi ruga ruga da allura tun shanu na tsaye? A 2011 aka sanar da cewa cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ya san haka, ya kuma san allurar shanun da ake haɗawa a LANAVET, cibiyar alluran dabbobi ta ƙasa, nan kusa da Garwa. Ka ce masa irin wannan aikin kake so ka yi wa mutane. Ka ba shi labarin Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dakan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Likitoci sun zo da magani, amma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka fitar da ita, don in an wanke jinin yaro aka mayar da shi kan ƙasar nan yana rarrafe, gubar za ta sake shiga.

Kada ka yi wannan zaman kai kaɗai, kuma kada ka yi shi a tsaye. Ka nemi baffanka ko aminin Baba da yake jin maganarsa, ko limamin unguwarku, ka fara fahimtar da shi, sannan ku je tare bayan isha'i. Ka fara da shanun. Ka ambace su, ka gode masa, ka ce ba ka manta ba. Da yawa daga cikin iyayenmu abin da suke jira ke nan, su ji an san abin da suka rasa. In da hali, ka gayyace shi asibitin wata rana da damina ya ga abin da kake gani, gani ya kori ji.

Amsar tambayarsa ta allura da biro kuwa tana cikin hanyar da za ka zaɓa, don hanyoyin biyu ne, kuma na lura a wasiƙarka ka cakuɗa su. Ta farko digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma, shekara 1 ko 2. A nan za ka koyi bin diddigin cuta cikin jama'a, ƙididdiga, tsara bincike da tafiyar da shiri, ka kuma karkata ga muhalli da wurin aiki. Ana yin sa a Kamaru, ana yi a cibiyar IRSP da ke Wida a Binin, da CIESPAC a Barazabil, da ISED a Dakar. In Turancinka yana da ƙarfi, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ana zuwanta ta hanyar Yola, marasa lafiyar can kuma da Hausa za ku yi magana. Wannan hanya ta fi gajarta, ta fi sauƙin kuɗi, tana kai mutum ga shugabancin gundumar lafiya, shirye-shiryen ma'aikata ko ƙungiyoyin agaji. Gaskiya ita ce ta fi kusa da biron da Baba yake tsoro.

Ta biyu ita ce ƙwarewar likitancin ma'aikata, takardar DES, galibi shekara 4, irin wadda ake yi a Kwatano da Abijan da Dakar. Mai wannan takarda ƙwararren likita ne kamar likitan zuciya ko na yara. Yana duba mutum da hannunsa, yana karanta hoton ƙirji, yana auna numfashi da na'ura, yana gwada ji ga wanda ya shekara a gaban inji (ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙara tsawon awa 8 kullum tana cin kunne a hankali), yana sanin guba da yadda kowacce take aiki a jiki. Shi ne zai ji ma'aikacin auduga ya ce ƙirjinsa yana ɗaurewa ranar da ya koma aiki bayan hutu, ya gane ƙurar ce ba sanyi ba. Sannan ya cire farar riga ya shiga wurin aikin ya ga inda ƙurar take tashi. Daga yadda ka kwatanta idon manomin nan da miyansa, ni ina ganin likitan gado ne kai har cikin jini, kuma wannan ta biyun ce za ta fi kwantar maka da rai. Ita ce kuma za ka iya kai wa Baba ka ce masa, allura tana hannuna. Amma tana da tsawo, tana da tsada, akwai jarrabawar shiga, kuma shekara 4 a ƙasar wani da ƙananan yara biyu ba wasa ba ne. Wasu sukan fara da gajeriyar, su yi aiki, sannan su ɗora doguwar. Babu laifi a hakan.

Ko wacce ka ɗauka, kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka nemi izinin tafiya karatu a hukumance ta Ma'aikatar Lafiya, ka sa a rubuta maka matsayin albashinka da gurbinka kafin ka sayi tikiti. Ka tambayi Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi da Majalisar Likitoci ta Ƙasa ko za su amince da takardar in ka dawo, musamman ta ƙasar waje ko ta intanet, tun kafin ka biya ko dala. Ka nemi wanda ya gama shirin da kake hari, ka kira shi, ka tambaye shi nawa ya kashe a wata da kuma inda yake aiki yanzu. Ka fara neman tallafin karatu shekara guda kafin lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abokin aikinka ya ce fannin ba ya kawo kuɗi. Rabin gaskiya ya faɗa. Ba za ka samu abin da likitan tiyata mai asibitin kansa yake samu ba, ka sa wannan a ranka tun yanzu, kada ka yi wa Baba alkawarin da ba za ka cika ba. Amma ba yunwa za ka je ba. Dokar ƙwadago ta 1992, a sashe na 98, ta wajabta wa kowane kamfani da wurin aiki su tanadar wa ma'aikatansu hidimar likita. Dokar 1977 ta tsara diyyar haɗarin aiki da cututtukan sana'a, CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ce ke biya, kuma kafin a ce cutar mutum daga aikinsa ta fito sai likitan da ya san abin ya tabbatar. Akwai masana'antu, akwai jirgin ƙasa da ke ƙarewa a Ngaundare, akwai bututun mai daga Doba zuwa Kiribi, ga sabuwar Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 mai tsangayar likitanci da za ta bukaci malamai. Abin da nake so ka tuna shi ne, manomin nan da ƙanensa da mai zuwa-zuwa ba su cikin kowane kamfani, ba su da rajistar CNPS. In ka dawo ka shige ofis mai sanyi a Duwala, to waɗanda suka tura ka karatun ba su amfana ba. Ka tsara tun yanzu yadda za ka ware musu rabo a lokacinka.

Akwai kuma wata jarrabawa da ba a rubutawa a takarda. Likitan ma'aikata, wani ne ke biyan sa, wani ne yake dubawa. Wata rana shugaban wurin zai so ya san abin da ke cikin fayil ɗin ma'aikaci, ko ya so a rubuta cewa tarin nan ba daga aiki ba ne. Abin da ya halatta ka gaya masa shi ne mutumin zai iya aikin, ko ba zai iya ba, ko sai an sauya masa wuri. Sirrin ciwonsa amana ce tsakaninku. Ka auna zuciyarka a kan wannan tun kana nan, don shi ya fi ƙididdiga wuya.

Mai ɗakinka ba ta hana ka ba, kuma ina roƙonka kada ka ɗauki shirunta a matsayin yarda. Mace mai ciki da aka ce mata maigida zai yi shekaru a wata ƙasa, tunaninta ranar haihuwa ne, da kuɗin cefane, da wanda zai ɗauki yaro asibiti cikin dare. Ka zauna da ita da takarda, ku lissafa tare: a ina za ta zauna, wurin iyayenta ko naka ko tare da kai, nawa zai riƙa shigowa, sau nawa za ka zo. Ka bar ta ta zaɓa, ka kuma yi mata alkawarin ba inda za ka sai ta sauka lafiya, an yi suna, ta yi arba'in ta warware. Ai ko shirin takardun ma zai ci wannan lokacin. Shi kuma abokin aikinka yana da haƙƙi, gari guda ga likita ɗaya nauyi ne na gaske. Ka sanar da shugaban gundumar lafiya da wuri, a rubuce, ka nemi a turo madadinka, ka sa wannan cikin sharuɗɗan da ka gindaya wa kanka. Samar da likitoci aikin hukuma ne, naka shi ne kada ka yi tafiyar ba-zata.

Yanzu ga abin da ba ya bukatar izinin Baba ko tallafin kowa. Gobe da safe ka nemi yardar shugaban asibiti ka ja layi ɗaya a littafin rajista, ka rubuta "sana'a" a samansa, ka roƙi ma'aikatan jinya su riƙa cikewa: me yake yi, me yake taɓawa, shekara nawa. Duk wanda aka kawo da gubar feshi, ka sa a zo da goran maganin ka rubuta sunansa. Kafin feshi ya kankama, ka nemi shugabannin ƙungiyoyin manoma da malaman gona, ku zauna a gindin bishiya ranar kasuwa. Ka gaya musu abubuwan da ka sani: a yi feshi da sanyin safiya ko yamma, kada a fuskanci iska, a sa riga mai dogon hannu da takalmi, kada a hura bakin famfo da baki in ya toshe, kada a ci goro ko a sha taba ana cikin feshi, a yi wanka da sabulu a wanke kayan daban, a ɗauraye goran sau 3 a huda shi don kada ya koma gidan ruwa ko na man gyaɗa. Ka nemi mutumin nan da ka tasa ya zauna kusa da kai, bakinsa zai fi naka shiga. Shekara guda ta wannan rajista za ta ba ka abin da za ka rubuta a takardar neman gurbi, ta ba ka batun bincike, ta kuma nuna maka ko son nan mai ɗorewa ne ko zafin dare ɗaya ne.

In kuwa bayan duk wannan Baba ya ce a'a, kada ka yi masa tawaye, kada kuma ka binne abin. Ka nemi ya ba ka shekara guda ku sake magana, ka ci gaba da rajistar, ka ɗauki gajerun darussa ta intanet daga jami'ar da aka sani. Iyaye sukan sauko in sun ga mutanen gari sun fara zuwa gaishe su saboda aikin ɗansu.

Ka rubuto mini bayan an gama cirar auduga, ka faɗa mini abin da rajistar ta nuna da abin da Baba ya ce. Ka gaida mai ɗakinka da kyau. Kafin nan, cikin makon nan, ka aika gidan 'yan'uwan nan biyu a kawo maka famfon, a gano inda yake yoyo a gyara shi ko a sauya, tun damina ba ta kama ba.